TAKALMIN HAGU

Shafi na 19

Masu ta aiko mini da saƙo wai in tausaya wa Nonye, ku yi haƙuri. Ba ni na binne abin nan a ƙasa ba. Mu je zuwa.

Tun kafin kasuwar Sabon Gari ta gama buɗewa Nonye ta iso rumfar babanta, sanye da ankon zumuntar mata da uwar saurayinta ta aiko mata. Ko gaisuwar kirki ba ta yi ba. Ta zauna a kan benci, ta miƙe ƙafar hagu.

Baban nata, Nwankwo, ya ajiye basillarsa ya zuba wa ƙafar ido. Tun 'yar nan tana shekara tara shi yake ɗinka mata takalmi, mai rufi har idon sawu, mai igiya. Duk faɗin Zariya, in ka cire shi da matarsa da masu gyaran ƙafa a asibiti, babu wanda ya san abin da ke cikin takalmin.

Daga idon sawu zuwa ƙasa, roba ce.

Oby, uwarta, tana tsaye a bakin rumfa tana leƙen hanya kamar wadda ta yi sata. Da yarensu ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Sake gaya mini. Me kika ce za a yi a wurin?"

"Kowa zai cire takalmin hagu, Mama. A tara su wuri guda, sannan a yi tattaki a titin Samaru da ƙafa ɗaya babu takalmi."

"Don me?"

"Don mutane su san da waɗanda nakiya ta cinye wa ƙafa."

Oby ta ja tsaki.

"Duk samarin da ke garin nan, wanda ya ƙirƙiro wannan abu shi kika kwaso mana."

Raphael, saurayin Nonye, ba don mugunta ya shirya gangamin ba. Ubansa, Sajan Shekari, a Laberiya ya baro ƙafarsa ta hagu, lokacin da aka kai sojoji kwantar da rikici. Tun da ya rasu yaron yake ɗauke da abin a ransa, har ya samu ɗalibai da mutanen coci suka mara masa baya bana.

Ita kuwa tata nakiyar ba a wata ƙasa take ba. A bayan gidan kakarta take, can ƙauyensu a Gabas. Sun je Kirsimeti, ita da ƙanenta Ebube suka shiga jeji tsintar itace. An gama yaƙin basasa tun kafin a haife su, amma abin da aka binne bai san an yi sulhu ba.

Ita ta taka. Ebube, da ya sunkuya kusa da ita yana ɗaure itace, shi ya tafi.

Da suka dawo Zariya, Oby ta gaya wa maƙwabta zazzaɓi ne ya kashe Ebube, Nonye kuma hatsarin mota ne ya bar ta da ɗan ɗingishi. Ƙaryar nan ta girma tare da Nonye, ta shiga makaranta da ita, ga shi tana neman shiga coci da ita ran ɗaurin aure, watan gobe.

"Ki koma gida ki kwanta," in ji Oby. "Zan ce musu zazzaɓi ya kama ki."

"Shi kika ce musu ran taron shiri."

"To ya dawo. Zazzaɓi ba ya dawowa?"

"Mama, na gaji. Yau zan gaya masa."

Oby ta juyo gaba ɗaya.

"Ki gaya wa wa?"

"Raphael."

"Ki bari fasto ya sa albarka tukuna. In zobe ya shiga hannu, magana ta ƙare."

"Daren farko fa? Da takalmi zan kwanta?"

"A lokacin ke matarsa ce."

"A lokacin ni maƙaryaciya ce da ya aura."

Oby ta matso har Nonye tana jin numfashinta.

"Ɗa guda na binne saboda abin nan. Ba zan zauna ina kallo ya cinye mini auren wadda ta rage ba. Kin manta abin da mutanen ƙauye suka ce? Wai ƙasa ce ta yi fushi da gidanmu. Kina so a fara irin wannan a nan? Ki zama abin nuni daga Dogarawa har Basawa?"

"Papa, ka ce wani abu mana."

Nwankwo dai ba mai yawan magana ba ne. Duk wannan cacar da ake yi, kansa yana sunkuye a kan takalmin, allura tana shiga tana fita. Ya datse zaren da haƙori, ya shafa wurin da babban yatsa.

"Na ɗinke igiyar ta ciki," ya ce. "Ko wa ya ja, ba za ta kwance ba. Ki ce ƙullin ne ya cije."

Nonye ta dubi igiyar, ta dubi ubanta. Iyakar abin da ya iya ke nan, bawan Allah. Tausayinsa ya kama ta har idonta ya kawo ruwa.

Sai ga tasi ta tsaya a bakin layi. Wata mace mai jiki ta fito, ankonta iri ɗaya da na Nonye, ɗankwali a kafe.

Mama Keziya ce, uwar Raphael, shugabar zumuntar mata ta cocinsu a Basawa.

"Salama da masu gida. Maman Nonye, kun kwana lafiya? Baban Nonye, ya aiki?"

"Lafiya lau, Mama Raphael," in ji Oby, ta ƙaƙalo murmushi. "Da ma yanzu nake cewa jikin nata kamar..."

"Jikin wa? Ji yadda ankon ya karɓe ta." Keziya ta kamo hannun Nonye. "Na ce ba zan yarda amaryarmu ta hau acaba a wannan rana ba. Shata na ɗauko. Taso, 'yata."

Oby ta matsa gefe ta ba su hanya. Nwankwo ya koma kan wani tsohon takalmi da ko gyara ba ya buƙata.

Haka Nonye ta shiga mota.

*

Zafin Afrilu ya riga ya fara dukan rufin tasin tun ba su kai Kwangila ba. Keziya ta riƙe hannun Nonye a cinyarta, ta ƙi saki.

"Jiya ban runtsa ba," ta ce. "Sai tunanin marigayi."

"Allah ya ba ku haƙuri, Mama."

"Amin. Ke ba ki san shi ba. Dogo ne, in yana fareti sai ki ce don shi aka yi kakin soja. Aka dawo mini da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Shekara tara ina jinya."

Ta girgiza kai.

"Kin san abin da ya fi ba ni tsoro? Sai ya ce mini ƙafarsa tana masa ciwo. In ce wacce? Ya nuna mini wadda babu. In rasa inda zan sa hannu in matsa."

"Yatsun ne suka fi ƙaiƙayi," in ji Nonye. "Musamman in hadari ya haɗu."

Maganar ta riga ta fita kafin ta kama bakinta.

Keziya ta juyo ta dube ta.

"Wa ya gaya miki haka?"

"Raphael."

"Kai, yaron nan. Ashe yana riƙe da komai." Ta yi ajiyar zuciya. "Haka ne kuwa. In hadari ya haɗu, ranar babu mai sakat a gidan."

Nonye ta juya tana kallon masu tallar rake a bakin hanya.

"Bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya wa ko fasto ba," in ji Keziya, ta rage murya don kada direba ya ji. "A coci misali ake bugawa da ni. Wai ku dubi Keziya, mace mai haƙuri. Ƙarya ne. Na gaji, 'yata. Na gaji da wankin dungu, na gaji da warin magani, na gaji da fushinsa. Akwai ranar da na durƙusa na ce Ubangiji, ɗauki ɗaya a cikinmu, ban damu da wanne ba."

"Mama..."

"Bari in ƙarasa. Raphael tun yana ƙaramar sakandare shi yake ɗaura wa ubansa ƙafar roba kowace safiya kafin ya tafi makaranta. Yara suna ƙwallo, nawa yana durƙushe yana jan maɗauri. Bai yi yarinta ba."

Ta matse hannun Nonye.

"Shi ya sa ran da ya kawo ki, na ƙare miki kallo daga sama har ƙasa, na shiga ɗaki na gode wa Allah. Ɗan ɗingishin nan naki ba komai ba ne, wa ya rasa tabo? Abu guda na roƙa wa ɗana, mace mai cikakkiyar lafiya. Ya ɗaura ƙafa iya ɗaurawa. In dai ina numfashi, ba zai ƙara durƙusawa gaban ƙafar kowa ba."

Ku gaya mini, jama'a, wace ce za ta ji wannan ta iya buɗe baki?

Amma Nonye ta gwada. Wallahi ta gwada.

"Mama, akwai maganar da nake so in..."

"Mun iso," in ji direba.

Keziya ta riga ta buɗe ƙofa, matan zumunta sun yo kanta da guɗa.

*

Filin makarantar firamare ne a bayan kasuwar Samaru, ya cika maƙil. Ɗalibai da rigunansu masu rubutu, matan coci da tulun kiɗa da caki, 'yan acaba da suka tsaya kallo, har da malamai biyu daga masallacin unguwa da aka gayyata. An kafa lasifika a kan rufin wata motar bas. A tsakiyar fili an shimfiɗa tabarma, nan za a tara takalman.

A gaba, a kan benci guda, an jera tsofaffin sojoji daga Basawa, kowa da sandunansa. An sa sun naɗe wandunansu. Wani mai ɗaukar hoto yana durƙushe yana ta ɗaukar dungayen, ko sau ɗaya bai ɗaga kyamarar zuwa fuskokinsu ba.

Nonye ta ga wannan, ta kawar da kai.

Ta kutsa cikin mutane har ta cimma Raphael a gindin motar. Ya jiƙe sharkaf da gumi, waya a kunne, abin magana a hannu. Da ya gan ta fuskarsa ta washe.

"Kin zo. Na san za ki zo."

"Raphael, ina son magana da kai."

"Bayan taro, don Allah. 'Yan jarida sun iso, 'yan sanda kuma sun ce kafin azahar mu sauka daga titi."

"Yanzu nake so."

"Lafiya dai?"

"Ba lafiya ba. Minti ɗaya kawai, mu zagaya bayan motar."

Ya dube ta da kyau, kamar zai bi ta. Sai wani ɗalibi ya jawo rigarsa, wai janareta yana neman mutuwa. Raphael ya dafa kafaɗarta.

"Ko mene ne, ni da ke ne. Tsaya kusa da Mama, na shirya miki wani abu."

Ya tafi.

Nonye ta juyo, ta bi ta gaban bencin sojojin. Na ƙarshe a layin, wani tsoho mai furfura da ake ce wa Baba Gregory, abokin marigayi Shekari, ya sa sandarsa ya tare mata hanya a hankali.

"Yarinya."

"Ina kwana, Baba."

Bai amsa gaisuwar ba. Takalminta yake kallo.

"Wanda ya ɗinka miki wannan ya san aikinsa."

"Babana ne."

"Na ga alama. Sai mai son mutum yake irin wannan ɗinki." Ya ɗago ido. "Tun daga bakin ƙofa nake kallon takunki. Diddigen hagu ba ya lanƙwasa."

Nonye ta janye ƙafar baya.

"Hatsarin mota ne, Baba."

"To. Ni ma akwai shekarun da hatsarin mota ne." Ya janye sandar. "Akwai ƙaramar ƙofa a bayan ajujuwan can, tana fita layin masu kifi. Ni kaɗai na gani. In kika tafi yanzu, ni kaɗai ne."

Ta hango ƙofar. A buɗe take, wata akuya ma tana shigowa ta nan. Taku kaɗan ne. Ta fita, ta tari acaba, ta koma wa uwarta, a ce zazzaɓi. Watan gobe a ɗaura aure.

Sannan fa?

Ta tuna Ebube. Duk shekarun nan ana cewa sauro ne ya kashe shi. Ga fili cike da mutanen da suka fito domin irinsa, kuma ko mutum ɗaya bai san sunansa ba.

Ta kasa tafiya, ta kasa tsayawa da zuciya ɗaya. Tana nan tana wasi-wasi lasifika ta yi ƙara.

"Jama'a, mun gode da zuwanku," muryar Raphael ta cika filin. "Yau ba dogon jawabi za mu yi ba. Nakiya ba ta san soja ba, ba ta san manomi ba, ba ta san yaro ba. Ana gama yaƙi a koma gida, ita tana nan tana jira. Yau za mu ɗan taka ƙasa mai zafi, mu ji kaɗan daga abin da waɗannan iyaye namu suke ji kullum."

Aka tafa.

"Takalmi na farko na mahaifiyata ne, matar marigayi Sajan Shekari."

Keziya ta fito tsakiya, ta cire takalminta na hagu ta ajiye a kan tabarma. Hawaye yana bin fuskarta, ba ta share ba. Matan zumunta suka ɗauki waƙa a hankali.

"Na biyu kuma," in ji Raphael, muryarsa tana rawa don farin ciki, "na wadda za ta shigo gidanmu ne watan gobe. Babana bai gan ta ba, amma na san da ya so ta. Nonye, fito."

Guɗa ta tashi. Hannaye suka tura ta gaba. Baba Gregory ya sunkuyar da kai.

Ba ta san yadda aka yi ta isa bakin tabarmar ba. Wata ta kawo kujerar roba aka zaunar da ita. Ta sunkuya ta kama igiyar, ta ja, ta sake ja.

"Ƙullin ya cije," ta ce. "Bari in cire na dama."

"A'a, na hagu ne," in ji wata daga cikin matan. "Irin ta marigayi."

"Amarya kunya take ji," in ji wata. Aka yi dariya.

"Ku ƙyale mini 'yata," in ji Keziya. "Ni zan cire mata."

Matar nan, da girmanta da jikinta, ta durƙusa a ƙasa gaban Nonye. Fili ya ɗauki tafi. Mai hoto ya rugo da gudu.

"Mama, don Allah ku tashi."

"Yi shiru. Yau ni na ga dama."

"Mama, ku bari. Ku saurare ni tukuna."

Kiɗan tulu ya danne maganar. Keziya ta sa farce a ƙullin, ta ja, ya ƙi. Ta kai fuska kusa ta duba.

"Ikon Allah. Wannan ai ɗinke shi aka yi." Ta ɗaga kai. "Wa yake da reza?"

Nan da nan wani mai yankan farce da ke gefe ya miƙo sabuwa fil, a takardarta.

Aikin da Nwankwo ya sunkuya ya yi da dukan zuciyarsa, yanka ɗaya aka yi masa.

Igiyar ta saki.

Raphael ya matso yana murmushi. Ya sauke abin maganar kusa da bakin uwarsa, don jama'a su ji albarkar da za ta sa wa amarya. Keziya ba ta lura da shi ba. Zanenta ya rufe ƙafar, babu mai ganin komai sai ita.

Ta sa hannun hagu ta tallafi diddigen, ta zare takalmin da na dama.

Sai ta tsaya.

Farar safa ce kawai ta rage. Yatsun Keziya suka danna saman ƙafar, ba ta lotsa ba. Suka matsa sama, suka bi ta idon sawu, har suka tarar da bakin maɗauri a ƙarƙashin safar.

Hannun da ya shekara tara yana wanke irin wannan ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Nonye ta daina roƙo. Ta zauna kawai, hawaye yana ɗiga a kan ankon da matar nan ta saya mata, tana kallon murmushin Keziya yana gushewa kaɗan-kaɗan.

Keziya ta ɗago kai. Idonta ya kaɗa ya yi ja. A zatonta raɗa ta yi, daga ita sai yarinyar.

Lasifikar da ke kan mota ta kwashi maganar ta watsa har bakin kasuwa.

"Raphael ya sani?"

Kiɗa ya tsaya cak.

Raphael ya dubi uwarsa, ya dubi Nonye, har yanzu da sauran murmushi a fuskarsa.

"Na san me?"